Wane Gefen Rimin Baba Yake?

Zongo, Kwatano
12 ga Satumba, 1984

Zuwa ga Yaya Arzika,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Saude da yara. An yi Sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Mu nan ƙalau muke, in ban da ɗana Isa da ya yi fama da ƙurajen zafi, shi ma ya warware. Maigidana Ibrahim yana gaishe ka. Kasuwa kuwa sai godiyar Allah. Tun da aka rufe iyakarku masu sarin atamfa suka ɗauke ƙafa daga kasuwar Dantokpa, muna zaune a rumfa muna korar ƙuda. Wasiƙar nan ma Mounkaïla mai albasa ne zai hau da ita arewa, in Allah ya sa ya samu mai ƙetarawa da ita.

Bari in ba ka labarin yawon Sallarmu don ka ji haushi. Ran Lahadi Ibrahim ya ajiye aiki, ya loda mu a bashensa, motar nan mai rumfa da yake haya da ita, mu da maƙwabtanmu, muka nufi wani tafki can bayan Wida, kan hanyar Lome. Gwamnati ta kewaye wurin ta mai da shi wurin shaƙatawa, wai talaka ma ya san daɗin hutu. An shuka itatuwa jeri-jeri har sun zama kurmi, inuwa ko'ina, ga bencina, ga kwalekwale ana ɗaukar mutane ana kewaya wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar ruwa. Ni da na rantse ba zan shiga ba, sai ga ni ciki na ƙanƙame katako ina salati, Zaituna tana yi wa uwarta dariya.

Mu muka riga kowa kama wuri mafi kyau, gindin wani tsohon rimi da ke kusa da ruwa, saitin tsibirin. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ya rabu biyu daga sama kamar gwafa, reshe ɗaya baƙi ƙirin, an ce aradu ce ta ƙona shi tun da daɗewa. Saiwoyinsa sun fi Isa tsawo, yara suka wuni suna ɓuya a ciki. Nan muka shimfiɗa tabarmi, muka kafa murhu, na yi dafa-duka, muka ɗumama soyen layya. Wani ya zo da rediyo mai kaset, har matan maƙwabta suka ɗan taka. Yaya, rabona da dariya irin ta ranar tun Gwaggo Lantana na da rai.

In an buɗe hanya ka zo. Ka bar shanun mutane su huta da dillancinka kwana biyu, ni da kaina zan kai ka.

Ƙanwarka,
Ma'u

Jega
28 ga Satumba, 1984

Ma'u,

Na samu takardarki. Muna lafiya, Saude tana amsawa, Allah ya ƙara wa Isa sauƙi. Iyakar gaisuwar ke nan, don abin da ke cikina ba zai bar ni in ja ta ba.

Kin ce in ji haushi, to na ji, har tuwo ya gagare ni. Tafki bayan Wida, tsibiri a tsakiya, rimi mai gwafa da aradu ta ƙona. Mu masu koren shanu Mashayar Rimi muke ce wa wurin, nan muke yada zango kafin mu miƙa Lome. A gindin rimin nan Baba yake kwance. Ni na gina kabarin da hannuna, ni da abokan tafiyarsa, ina ɗan shekara sha shida. Zazzaɓi ya kwana biyu yana cinsa yana ɓoyewa, a wurin nan ya kayar da shi da hantsi, kafin la'asar ya cika. Muka yi masa wanka da ruwan tafkin, muka yi masa likkafani da rawaninsa, muka jera itace, muka rufe, muka ɗora ƙaya saboda namun daji. Washegari muka kora, don shanun mutane ba sa jiran zaman makoki.

Shi ne ke, 'yar Malam Muhuyi, kika kwashi maƙwabta kika je kika hura wuta a kansa. Kika ci shinkafa, 'ya'yanki suka yi tsalle-tsalle, mata suka yi rawa. Sannan kika zauna kika rubuto mini da murnarki wai za ki kai ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zaman Kwatano ya cinye ki. Tun ranar da Gwaggo Lantana ta goya ki ta tafi da ke na san an yi asararki. An sa ki lekol, makarantar bokonsu, an cika miki baki da Faransanci, an bar ki ba ki san inda kika fito ba. Mutum da daji da ruwa, in ba kiwo ko su ko fatauci ba, me ya kai shi? Ku da kuka ƙoshi ne kuke ɗaukar tukunya ku je gindin itace wai hutu.

Ki yi istigfari, ki yi sadaka, kada ƙafarki ko ta 'ya'yanki ta sake taka wurin nan. Ki gaya wa Ibrahim ni na ce.

Wanki,
Arzika

Zongo, Kwatano
10 ga Oktoba, 1984

Yaya Arzika,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu ma jiki lafiya, zuciya ce dai ba lafiya.

A rumfa Mounkaïla ya miƙo mini takardarka. Na karanta a gaban mutane, sai da maƙwabciyata ta riƙe ni. Na yi kuka, na yi istigfari, na yi sadakar masa ran Juma'a. To yanzu kuma ka tsaya ka ji tawa.

Wa ya taɓa gaya mini? Ina shekara uku Baba ya rasu. Duk sanda na tambayi Gwaggo sai ta ce ya rasu a hanyar Dahome, Allah ya jiƙansa. Kai ma da ka zo aurena na tsare ka a zaure na tambaye ka, ka ce mini a daji ne, mace ba ta bin kabari. Ashe in na fito daga gida da safe, kafin azahar ina gabansa. Na girma, na yi aure, na haihu, duk ina zaune kusa da ubana kamar baƙuwa, kai kana can Jega ka ƙulle shi a cikinka kamar kai kaɗai ya haifa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya riƙe fitila ya ƙi haskawa fa? Ka ce an yi asarata. Ba ni na ba da kaina riƙo ba, ba kuma ni na sa kaina lekol ba.

Ka ce kada in sake taka wurin. Na taka, washegarin samun takardarka. Gara ma da na je, don na tarar an jibge yashi da tsakuwa kusa da rimin. Za su zuba siminti su yi dandalin rawa da rumfar sayar da giya, a buɗe ran fet ɗin 30 ga Nuwamba, bikin juyin juya halinsu. Na nemi shugaban wurin, wani siriri mai tabarau, kamarad ake ce masa kamar yadda ake ce wa duk ma'aikaci a nan. Da farko ya ce babu kabari a takardunsu. Na ce masa fatake ba sa binne mutum da takarda. Da ya ga na zauna a ƙasa a ƙofar ofishinsa na ƙi tashi, sai ya sassauto. Ya ce dandali umarni ne daga sama, ba shi da ikon hanawa, amma ba dole ne ya zagaye rimin duka ba. In dangi suka nuna masa gefen da mamacin yake, zai bar wannan gefen ƙasa, mu kewaye abinmu, a yi simintin a ɗaya gefen.

Na zagaya rimin nan har jiri ya kama ni. Ba tudun kabari, ba dutse, ba guntun tukunya, ƙasa ta shafe sumul. Abokan tafiyar Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, kai kaɗai ka rage da ka sani. Wane gefe ne, wajen ruwa ko wajen tudu? Ka rubuto da gaggawa, tsakiyar Nuwamba za su zuba.

Ma'u

Zongo, Kwatano
27 ga Oktoba, 1984

Yaya,

Ina fata lafiya, don shirun nan ya yi yawa. In rashin lafiya ne, Allah ya sawwaƙe. In kuwa fushi ne, to ka ajiye shi gefe, in an gama wannan ka ɗauko abinka mu ci gaba.

Mounkaïla ya je ya dawo ba amsa, ya rantse mini ya ba wani mai jirgin fito takardar a Gaya, bakin iyaka. Jiya na rufe rumfa na koma tafkin. An kawo buhunan siminti an lulluɓe su da tamfol, leburori suna sassaben ciyawa a gindin rimin, ta ko'ina. Ina tsaye ina kallon fartanyarsu, duk inda ta sauka gabana ya faɗi. Can gefe wasu samari suna wanka a ruwa suna shewa, wata mata tana gasa wa 'ya'yanta masara. Ban ga laifinsu ba, haka nake kwanan baya.

Zagin da ka yi mini ya iso ni cikin mako biyu. Amsar kalma ɗaya ce ta gagara isowa?

Ma'u

Jega
30 ga Oktoba, 1984

Ma'u,

Muna lafiya, sai ɗan Saude na goye da ke haƙori. Ina fata ku ma haka. Takardarki ta yi kwanaki a aljihun mai jirgi, shekaranjiya ta iso ni ta jiƙe ta bushe, don haka kada ki lissafa mini shiru.

Na karanta na sake karantawa, na kai wa Malam na ƙofar gida ya karanta mini ko idona ne ke yi mini gizo. Ashe haka kika rubuta. Kin je kin zauna da wani mai tabarau kun yi cinikin kabarin ubanki kamar turmin atamfa, rabi naki rabi nasa. Har kina yabonsa wai ya sassauto. Sannan kike so ni Arzika in sa muku albarka.

To ki ji da kyau. Ba zan faɗa ba. In na ce wajen ruwa, na yarda ke nan a sha giya a wajen tudu. In na ce wajen tudu, na yarda a yi rawa a wajen ruwa. Ko ta ina, taku kaɗan ne daga kansa. Mutumin da ko kalangu ya ji a kasuwa sai ya sauya hanya, shi za a kwantar kusa da kiɗa har tashin duniya, da yardar ɗansa? Gindin rimin nan duka nasa ne. Kada a zuba ko cokali ɗaya na siminti, wannan ita ce maganata.

Zongo ba maza ne? Ina limaminku, ina dattawanku, ina fataken da suka ci arziki a bayan irin su Baba? Ku taru ku je gaban babbansu ku ce ba ku yarda ba. A Jega wa ya isa ya kafa ko rumfar shayi a kan kabari? Shi kuma Ibrahim, aikinsa dai ya loda mata ya kai su yawo, ranar tsayuwa ba a ganinsa?

Maganar ban gaya miki ba kuwa, haka muka tashi muka gani. Maza ke kai mamaci, mata su yi addu'a a ɗaki. Addu'a ba ta ɓata hanya don ba a san kabari ba. Da kin zauna inda Allah ya ajiye ki, da duk wannan bai taso ba.

Arzika

Zongo, Kwatano
8 ga Nuwamba, 1984

Yaya Arzika,

Muna lafiya. Allah ya raya ɗan Saude, ya fito da haƙora lafiya.

Da na zauna a ɗaki, da yanzu an shafe gindin rimin duka da siminti, kai kana Jega kana cinikin bijimai ba ka ma sani ba. Yawon nan da kake zagi shi ya tona maganar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to ni ce maratayin, na gode.

Ka ɗauka ban je wurin manya ba? Na durƙusa gaban Liman, na bi dattawan Zongo gida-gida. Kowa ya ce Allah ya jiƙan Malam Muhuyi, kowa ya shafa fatiha, ba wanda ya ɗauki takalminsa. Ban kuma ga laifinsu ba. Nan ba Jega ba ce. A ƙasar nan in ka tara mutane ka ce ba ka yarda da aikin bikin juyin juya hali ba, sunanka ya sauya, iyalinka su yi ta bin ofisoshi suna tambayar inda kake. Ibrahim da kake ci wa mutunci, shi yake barin haya ya kai ni ya dawo da ni, shi ya tsaya gaban kamarad ya roƙi a ƙara mana kwanaki, alhali motar nan kaɗai ce cinmu da shanmu. An ƙara mana zuwa 22 ga wata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kana nesa kana gaya mini yadda zan yi rufi.

Na tambayi Liman ko a tone a mayar da Baba maƙabartar Musulmi. Ya ce ba a bin ƙasa da haƙa kamar masu neman rogo, sai an san wurin. Ya ce abin da bai samu duka ba, ba a barinsa duka. Na ce ya rubuta maka da kansa, ya ce wanki ai ba yaro ba ne.

Dandalin nan za a yi shi, ko ka so ko ka ƙi. Ba a tambaye ka ko a yi rawa ba. Abin da ya rage shi ne a yi ta kusa da Baba ko a yi ta a kan ƙirjinsa, kuma wannan a bakinka yake. Ruwa ko tudu, Yaya. Don girman Allah, don darajar nonon da muka sha. In ka ƙi, wallahi ni zan zaɓa.

Ma'u

Kamba
17 ga Nuwamba, 1984

Ma'u,

Lafiya lau nake, sai ƙafa da ta kumbura. Daga Kamba nake rubuto miki, bakin iyaka, don ki san ba zaune nake ba. Na bar kasuwa na taso. Sojoji sun mayar da ni daga kan hanya, na bi ta gonaki da wasu masu fataucin gero aka sake kama mu, aka sa mu tsallen kwaɗo a rana, da furfurata. Masu jirgi sun ce in dakata, ƙarshen wata za a sauya waɗanda ke gadin, a samu sararin ƙetarawa.

Ki koma ki gaya wa mai tabarau ɗin babban ɗan mamacin yana hanya, ya jira. Ni zan tsaya gabansa, in ya ga namiji zai sauya magana. Wanda ya ƙara kwanaki sau ɗaya zai ƙara sau biyu.

Kada ki kuskura ki zaɓa. Kabarin uba ba caca ba ne. Kuma kada ki ƙara tambayata ruwa ko tudu a takarda, na riga na ba ki amsa. Maganar abin da na ce miki a zaure ran aurenki kuwa, ki bari sai mun haɗu.

Wanki,
Arzika

Zongo, Kwatano
3 ga Disamba, 1984

Yaya Arzika,

Ina gaisuwa. Allah ya ba ƙafarka lafiya, ya saka maka abin da sojoji suka yi maka, ya yi mini zafi. Mu nan lafiya. In takardar nan ta same ka a Kamba, ka koma gida wurin iyalinka, babu sauran abin da za ka zo tsayawa a kai.

Takardarka ta iso ni ana gobe za a zuba. Na buɗe, na bi ta layi-layi ina neman kalma ɗaya. Ka sha rana, ka sha wulaƙanci, ka samu alƙalami da takarda da mai kawowa, ka cika shafi guda, amma kalmar nan ka hana ni. Duk da haka na kai saƙonka. Kamarad ya saurara har na gama, ya ce manya za su zo buɗewa, siminti kuma yana son kwanakin bushewa, ko ubansa ne a wurin ba zai iya ƙara yini ɗaya ba. Ya miƙo mini turaku da igiya, ya ce in kafa inda nake so a bari.

Leburori suna tsaye da shebur suna jirana. Ibrahim ya ce shi a ganinsa matafiya ba za su yi kabari wajen ruwa ba, saboda laima. Wani tsohon masunci da ke gyaran koma ya ce a zamanin da, ruwan bai matso haka ba, kuma ta wajen tudu shanu ke kwana, ba mai binne mutum inda za a tattake. Kowanne na ji sai in ga shi ne mai gaskiya. Na cire takalmi na zagaya, ina cewa ko ƙafata za ta ji wani abu. Ba ta ji komai ba sai tsakuwa. Na kira sunan Allah, na kafa turakun a wajen tudu.

Ina tsaye aka kwaɓa, aka zuba a wajen ruwa, aka shafe. Duk shebur ɗaya sai na ji kamar a bayana aka juye shi. Ban tafi ba sai da suka wanke kayan aikinsu.

Ran fet na koma. An cika wurin maƙil, tutoci, ganguna, kwalekwale ba masaka tsinke, 'yan lekol suna waƙa, manya suna rawa a kan sabon dandali har ƙasa tana amsawa. Ni kuma ina bayan rimin, cikin ɗan shingen da Ibrahim ya yi mini da kara. Na share wurin, na yayyafa ruwa, na zaunar da Zaituna da Isa na ce su gai da kakansu. Muka karanta abin da muka iya. Kiɗan yana shiga kunnena, amma na yi addu'ata har ƙarshe, kuma karo na farko a rayuwata na yi ta ina kallon wuri.

Yanzu ka san gefen da na zaɓa, don haka a duniyar nan kai kaɗai ka san ko na dace ko na kuskure. In na dace, alhamdu lillahi. In na kuskure, to duk ƙafar da ta doki simintin nan kai za ka riƙa jin ta a Jega, don kai aka tambaya ka yi shiru. Ni na yi iyakar abin da marar sani zai yi.

Abu ɗaya nake roƙonka, shi ne na ƙarshe. Na roƙe ka ka faɗa ka ƙi, to yanzu na haramta maka faɗa. Kada ka rubuto, kada ka aiko a baki, kada ka gaya wa Saude ta gaya mini. In an buɗe iyaka ka zo, gidana gidanka ne, zan kai ka tafkin kamar yadda na ce. Amma za ka bi ni wajen tudu, ka durƙusa inda na durƙusa, ka ɗaga hannu ka ce amin, ko da zuciyarka tana can ƙarƙashin siminti.

Ƙanwarka,
Ma'u, 'yar Malam Muhuyi